Zagayen da na yi kahin ɗiyata ta shiga sizyem

Bara da ɗiyata ke CM2, ajin ƙarshe na firamare, na ce wallahi ba zan bi ta bakin mutane ba, da kaina zan tahi in gani. Na hau kabu-kabu cikin zahin Afirilu na zagaya kwaleji uku nan cikin Maradi, CEG biyu na gwamnati da guda ta kuɗi.

Ta kuɗin ce ta fara ɗauke min hankali, sun manna sakamakon BEPC, jarrabawar ƙarshen kwaleji, jikin bango kusan kowa ya ci, ga fenti ga fanka, har na fara lissahin jikka nawa zan riƙa ajewa duk wata. Da marece nake ba wani tsohon mushe (malamin makaranta) maƙwabcinmu labari sai ya yi dariya, ya ce ɗana koma ka ƙirga min ajin sizyem nawa gare su, turwaziyem kuma nawa. Na koma. Sizyem (ajin farko na kwaleji) huɗu, turwaziyem (ajin ƙarshe, mai rubuta BEPC) guda ɗaya tak. Ashe duk yaron da mwayen ɗinshi bai kai 10 bisa 20 ba tun katiriyem ake sallamarshi, ko a ce ya je ya rubuta jarrabawa kandida libir, ba da sunan makarantar ba, don kar ya ɓata musu lissahi, to ina amfanin takardar bangon nan gare ni tunda yarinyata ba gwanar lissahi ba ce?

CEG ta farko ban ma daɗe ba. Ajin sizyem na zana ne, ni kuwa tun gobarar Nuwamba 2021 da ta cinye yara sama da 20 cikin ajin kara a garin nan, in na ga zana gabana faɗuwa yake. Na gaida mutane na hito.

Ta biyun ba kyan gani, yara huɗu kan tabur-ban guda, littafi ɗaya su uku. Amma na tarar da famfo yana zuba, makewayin 'yan mata daban kuma da ƙofa (abin da iyaye maza ba mu cika dubawa ba, uwarta ce ta tuna min), direkta kuma bai ɓoye ba ya ce yawancin malamanshi 'yan kwantaragi ne, in albashi ya makara za a yi yajin aiki. Shugaban COGES ɗinsu, kwamitin da ke kula da harkokin makarantar, ma ya buɗe min kayen kuɗin da iyaye ke tarawa.

Can aka tura ta dama, ban nemi canji ba. Da ƙafa take zuwa. Jikkunan da na so kai wa masu fenti, wani ɗalibin jami'ar Dan Dicko nake ba, yana koya mata lissahi Asabar da Lahadi.