Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Askar Gwaggo da Jarfar Inna

Makon jiya na tsaya a kan tarewata a Kano cikin 1988, na yi alkawarin yau zan faɗi yadda na fara sana'ar ƙunshi. Amma zancen ba zai tafi daidai ba sai na bi ta kan Gwaggo, Allah ya jiƙanta, mai cewa da harshenmu na gida: "Huskad da babu aska ta kowa ta."

Waɗanda suka san ni ido da ido sun san ina ɗauke da askar Gobir, daga gefen baki ta bazu har kusa da kunne, kunci biyu. Ina jaririya aka yi mini a Sabon Birni. Wanzamin gidanmu ne ya zo da zabirarsa, ya tsaga, ya shafa baƙin tukunya don ta fito sosai. Inna tana ɗaka tana kuka, Gwaggo ce ta danne ni a cinya, kuma har ta tsufa tana faɗin haka da alfahari. Hujjarta ba ta canzawa. Mu jikokin Bawa Jangwarzo ne, tun da Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808 aka warwatsa mu, wasu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, wasu daga baya suka zauna Sabon Birni, Turawa suka zo suka ja iyaka a tsakani. In ba da aska ba, in ji ta, da me za ka gane ɗan'uwanka a kasuwa? Da me yaron da aka kama a yaƙi zai komo gida?

A Kano na fara jin nauyin fuskata. Matan gidan hayar da muka zauna sukan tambaye ni ko da kyanwa na yi kokawa, yaransu su ɗauka su bi ni da shi har bakin famfo. Inda na sami sauƙi shi ne wajen Yarabawan Sabon Gari, tunda taubasanmu ne. Wata mai kayan miya da ta hango ni sai ta ɗaga murya, "Ga baiwata ta zo!" in rama, ta cika mini gyara.

Kun dai san maigidan ɗan Gwaggo ne, auren zumunci aka yi mana. Da na je wankan gida a haihuwar fari cikin 1990, ana gobe suna Gwaggo ta aika wa wanzami. Na ce aski kawai za a yi wa yarinyar, ba za a tsaga ta ba. Malamarmu ta islamiyya ta riga ta karantar da mu cewa canza halitta ne, ni kuma na san abin da na sha a bakin famfo. Maigidan ra'ayinmu ɗaya, a Kano muka gama magana, amma da ya zo gaban uwarsa sai ya sunkuyar da kai ya bar ni da ita. Gwaggo ta ce, "Ke ɗiyan nan, birni ya lalata ki. Huskad da babu aska ta kowa ta." Ta ƙi karɓar jaririyar ranar suna. Baƙuwa take kiranta. Wannan ne ya tsaya mini, domin 'ya'yan autarta da aka haifa a Sakkwato bayan nan babu wanda aka tsaga, ban kuma ji ta ce uffan ba. Tana goya su, tana yi musu tawai. Ashe dokar a kaina kaɗai take aiki. Da gwamnatin tarayya ta yi dokar kare haƙƙin yara a 2003, wadda sashe na 24 ya hana yi wa yaro tsaga ko zane a fata, na so a ce wani ya karanta mata, ko da yake jihohinmu sun daɗe kafin su karɓi dokar.

Inna kuwa tana da wani abu a damtsenta na hagu wanda ba gado ba ne. Jarfa ce: ɗigo uku a jere, da ɗan layi a ƙarƙashinsu. 'Yan matan zamaninsu kalangu da 'yar baka suke zuwa a yi musu don kwalliya, ita sai ta tara kuɗin tallar fura, ta je wurin wanzami ranar kasuwa, ta tsuguna ta zana masa abin da take so a ƙasa da tsinke. Ɗigo ɗaya ita ce, biyun ƙannenta ne da ƙyanda ta kwashe a shekara ɗaya, layin kuma uwarsu. Ba ta taɓa gaya wa Baba ma'anar ba. Ni ma sai da na yi wayo, ina cuɗa mata baya, na matsa mata da tambaya. Da ta ji hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim wanda ya la'anci mai yin jarfa da wadda ake yi wa, ta yi ta istigfari, ta koma sa riga mai dogon hannu. Ban taɓa sha'awar a yi mini jarfa ba, ba kuma zan ba kowa shawara ba. Amma a raina abin da ke damtsen Inna ya fi abin da ke fuskata zama nata, don ita ta zaɓa, ita ta san wa take tunawa.

Ƙunshi a hannun wata Bashuwa maƙwabciyarmu na koya. Lokacin zunguru ya fara ja baya, ana yayin yanka salatif da reza a manna, a shafa jan lalle, a ɗaure da leda. Sai zanen fulawa ya shigo, kowa na kwafar na Indiya da na Sudan, wasu na kwaɓa dayis mai ƙona fatar amare, abin da ban yarda ya shiga gidana ba. Na gaji da zana furen da ban san sunansa ba. Na sami tsohon littafin makarantar yara ina gwadawa da biro bayan isha'i, har na tsaya a kan abu ɗaya: layuka siraru da suka taso daga wuyan hannu suka bazu zuwa yatsu, yadda askarmu ke tasowa daga gefen baki, a gindinsu ɗigo uku da ɗan layi. Wahalarsa tazara ce, in layukan suka matsu lallen zai haɗe ya zama dunƙule. Wata amarya 'yar garin Isa ce ta fara ganewa. Ta dubi hannunta, ta dubi fuskata, ta ce, "Anti, ai wannan tamu ce." Daga nan gidajen Gobirawa na Fagge da Kurna suka riƙa aikowa a yi musu zanen Bagobira. Ɗigon kuwa ban taɓa yi wa kowa bayaninsa ba sai yau.

Ba zan ce maganar Gwaggo duk banza ba ce. Shekarun nan da 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyukanmu, wata tsohuwa ta yi sallama tana neman sadaka, tun kafin ta buɗe baki na san daga ina ta fito, ta kwana biyu a ɗakina. Na yarda aska ta yi aikinta a nan. Amma 'yata ce ta dafa mata ruwan wanka, ita ta raka ta tasha, da fuskarta da babu ko ɗigo.

Ranar sa lallen yarinyar a 2011 da hannuna na yi mata zanen, duk da ƙawayenta sun so a kira mai yayi. Gwaggo ta rasu shekara biyar kafin nan, har ta koma ga Allah kuwa ba ta kira jikarta da sunanta ba. Na yafe mata tuni, amma maigidan har yau in na tayar da zancen sai ya ɗauki buta ya fita. Mako mai zuwa zan faɗi yadda kuɗin ƙunshin nan suka sayi filin Rijiyar Lemo, da wanda a cikin dangi ya ce ba nawa ba ne.