Laka har gwiwa

Ranar da muka kai 'yarmu makaranta a Gilasgo, babban birni a Sikotilan, na tsaya a bakin ƙofa na ƙare wa ginin kallo, sannan na ce wa maigida, "Baban yara, ka tabbata nan ne?" Jan dutse ne tun daga tushe har hawa na uku, wasu wuraren ya yi baƙi ƙirin, tagogi dogo-dogo kamar na kurkuku. A saman wata ƙofa an sassaƙa "maza" da Turanci a jikin dutsen, a saman wata kuma "mata". Ni da na taho da tunanin makarantar Turai gilashi ce da fenti mai sheƙi, sai ga ni gaban ginin da ya girmi kakar kakata. A raina na ce, wato don mu baƙi ne aka jefa mu inda kowa ya ƙi. Sai daga baya na fahimci cewa a Sikotilan adireshin gida ne ke zaɓa wa yaro makarantar gwamnati, kuma 'ya'yan likitan da ke layinmu nan suke zuwa.

Tsakiyar watan Agusta ne, lokacin da ake komawa makaranta a ƙasar. Shekarunta shida, aka sa ta aji biyu. Na goge mata kaya, na sa mata farar safa, na ja mata kunne kada ta ɓata jikinta. Sati biyu tana dawowa tsaf, kuma shiru. In na tambaye ta me aka yi yau, sai ta ɗaga kafaɗa. Malamarsu ta ce ba ta buɗe baki a aji. Ban ga laifinta ba, don ni kaina Turancin Gilasgo sai na kasa kunne sosai. Mutanen da ke cewa "aye" a madadin e, kuma kome ƙarami "wee" ne a bakinsu.

A sati na uku, ranar Alhamis, ta fito da laka har gwiwa. Safar nan ba ta sake yin fari ba. Ranar ana yayyafi tun safe, ga iska. Raina ya ɓaci ƙwarai, washegari na tare malamar a bakin ƙofa.

"Malama, ruwa ake yi fa jiya. Me ya sa kuka fitar da yara waje?"

Ta yi murmushi, ta ce in za su jira ruwa ya ɗauke a garin nan, yaran za su gama firamare ba su leƙa waje ba. Ta tambaye ni ko ban ga takardar da aka sa a jakar yarinyar ba. Ban gani ba. Da na koma gida na same ta a ƙasan jaka, a dunƙule: kowace Alhamis rabin yini a waje ake karatu, a zo da rambut da rigar ruwa. Kunya ta kama ni, amma ban sauka daga ra'ayina ba. A ganina karatu allo ne da benci da littafi, abin da ya wuce haka wasa ne. Malamar ba ta yi gardama da ni ba, cewa ta yi suna neman iyayen da za su riƙa taimakawa ranar Alhamis. Na cike takardar binciken da ake yi wa duk mai aiki da yara, wadda suke kira PVG, aka amince, na fara zuwa. Gaskiya sa ido na je yi.

Filin yana bayan ginin, bai kai rabin filin ƙwallo ba. An jera kututturan itace a zagaye, su ne kujeru. Ga akwatunan katako cike da ƙasa inda suke shuka, ga tarin rassa da aka bari da gangan don ƙwari su samu gida, ga wata babbar bishiya a lungu. Darasin ranar lissafi ne. Aka ba yara igiya suka zagaye kugun bishiyar, suka shimfiɗa igiyar a ƙasa, suka auna ta da tef: santimita 200. Malamar ta ce bishiya irin wannan tana ƙara kauri kamar santimita biyu da rabi a shekara, to shekarunta nawa? Rabawa ta fi ƙarfin 'yan aji biyu, don haka suka yi ta jera tsakuwa goma-goma, ita tana taya su, har aka kai 80. Wani yaro ya ce kenan ta girmi kakansa. Wata ta ce ƙarya ne, kakanta ya fi. Aka yi ta musu, kuma duk cikin lissafi ake.

Ina tsaye hannuwana sun ƙandare sai na ji muryar 'yata. Ta ɗaga wani dutse ta ga tsutsotsin tana, ta ƙwala wa yarinyar da ke kusa da ita kira da Turanci ta zo ta gani. Suka tsuguna kai da kai suna ƙirga su. Malamar ta dube ni, ba ta ce komai ba. Yarinyar da ta yi wata guda ba a ji muryarta a aji ba, ga ta tana gardama a kan ko tana bakwai ce ko takwas. Ina jin a aji idon kowa na kanka in ka yi magana, a waje kuwa idon kowa na kan tanar.

Ashe abin ba son ran malamar ba ne. Tun 2010 hukumar ilimin Sikotilan ta fitar da jagora cewa karatu a waje ɓangare ne na manhaja, haƙƙin kowane yaro. Salon da suke kira makarantar daji kuwa daga Denmak ya shigo Birtaniya, bayan wasu malaman kwalejin Bridgwater sun je can a 1993 sun ga yadda ƙananan yara ke yini a cikin itatuwa.

Labarin ginin kuma daga bakin mai kula da shi na ji, wani dattijo da shi ma a nan ya yi firamare. Shi ke buɗe mana rumbun kayan aiki, kuma in ya fara zance sai an ja shi. Ya ce dokar 1872 ce ta wajabta karatu ga yara daga shekara biyar zuwa goma sha uku a Sikotilan, sai aka shiga gina makarantu irin wannan unguwa-unguwa. Baƙin da ke jikin dutsen hayaƙin kwal ne na zamanin da garin ke cike da masana'antu da wuraren ƙera jiragen ruwa. Filin da muke zama a kai, a zamaninsa rumbun kwal ne da banɗakunan waje. Ya nuna mini matakalar dutse da ta lotsa a tsakiya saboda sawun yara, ya ce in taka in ji. Ya kuma buɗe tafin hannunsa ya ce nan ya sha bulalar fata, wadda ba a hana ta a makarantun gwamnati ba sai 1987. Ƙofar "maza" yanzu kowa ke bi, ta "mata" ta zama ta ofis.

Shi ya tura ni in je in ga makarantar Scotland Street, wadda mai zanen gine-gine Charles Rennie Mackintosh ya zana, aka buɗe a 1906, aka daina karatu a cikinta a 1979. Na je na tsaya daga waje ina kallon hasumiyoyinta biyu na gilashi da matakala a ciki. Nan na yarda cewa mutanen da suka gina wa 'ya'yan leburori wannan ba raina su suka yi ba.

Sai dai tsohon gini yana da nasa wahalar, kuma ba zan ɓoye ba. Namu yana cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ta kare, don haka ko taga ba a canzawa sai da izini. Iska na shigowa ta gefen katako, hita tana aiki amma rufin ya yi nisa, ɗumin can sama yake tafiya. Na ga bokiti a ƙarƙashin yoyo a hawa na uku fiye da sau ɗaya. Babu lif, yaron da ke kan keken guragu sai dai a sauko da ajinsu ƙasa. Masu yabon kyan dutse daga titi ba su ke zama a ciki a watan Janairu ba.

Hunturun farko ya ba ni wuya. A Disamba kafin ƙarfe huɗu duhu ya yi, rana ba ta fi awa bakwai ba, ita ma a bayan gajimare. Ma'aikaciyar lafiya ta ce mu riƙa shan sinadarin bitamin D, mu masu baƙar fata shekara gaba ɗaya, don hasken nan ba ya isar mu. Maigida na wurin aiki, ni ina ɗaki daga ni sai bango. Akwai satin da in ba don Alhamis ba, da ban yi magana da wani babba ba sai shi. A kan kututturan nan na san wata uwa 'yar Folan da wata 'yar Sudan, muna riƙe wa yara safar hannu muna rawar ɗari tare. Ta Folan ɗin ce ta dubi takalmina ta girgiza kai, ta ce in sayi rambut mai lamba ɗaya sama da ƙafata don safa biyu ta shiga.

A watan Oktoba an ba kowa albasar fure ya binne a akwatunan katako, har da mu iyaye. Na tona rami na tura tawa na rufe. 'Yata ta zo ta tsaya a kaina.

"Umma, kin juya ta. Tsinin sama yake kallo."

Na ce ai an riga an rufe, a bar ta. Ta kafa ɗan tsinke a wurin don kada a manta. A farkon Maris na kowa ya fito, kore shar, layi-layi, wurin tsinken kuwa ƙasa ce kawai. Kowace Alhamis sai ta ja ni mu duba. Sai a sati na uku wani ɗan kai ya ɓullo, a karkace, kusan taƙi guda daga inda tsinken yake. Ta tsuguna ta cire tsinken ta matsar da shi kusa da shi, ta goge hannunta a jikin rigata.