Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ɗa Ɗaya a Gida Ɗaya

Na so a ce makon nan na shiga labarin koyon gyaran keke, amma abin da ya fitar da ni daga ƙauyenmu ya tare hanya, dole in fara kawar da shi. Waɗanda suka san gidanmu a ƙasar Sumaila sun san maganar, ƙin faɗa kawai ake yi saboda Baffa. To Baffa ya rasu, ni ma furfura ta gama cin kaina.

Daminar 1983 ba ta yi daɗi ba, ta 1984 kuma ta fi ta muni. Gero ya yi kai ya ƙone a tsaye. Gyaɗa dama tun ciwon da ya faɗa mata a 1975 Baba ya daina dogaro da ita. Ana cikin haka gwamnatin soja ta canja launin kuɗi a watan Afrilun 1984, aka ba da 'yan kwanaki a je banki. Ina Kaka ina banki? Kuɗin giyarta na shekaru, da ta ƙulle a tsumma ta tura ƙarƙashin tukunya, suka zama takardar banza. Rani bai raba ba rumbunan gandunmu suka koma ɗakin ɓera. Tafasa da rama muka riƙa ci, ana barbaɗa musu ɗan garin rogo don su amsa sunan abinci. Mazan gidan rabi sun tafi cin rani.

A wannan hali ne, wata Lahadi a farkon 1985, Mai bishara ya tsayar da mu bayan sujada ya ce akwai albishir. Wasu masu bi a ƙasar Turawa za su ɗauki nauyin yara: kuɗin makaranta, kayan makaranta, magani in an yi ciwo. Kowane yaro da nasa mai riƙo, za a aika masa hoton yaron, su riƙa musayar wasiƙa. Mata suka yi guɗa a cikin majami'a. Sai da aka lafa ya karanta sharuɗɗa. Ɗa ɗaya a gida ɗaya. Yaron ya kasance yana zuwa boko da makarantar Lahadi. Sunaye kuwa dattawan ikilisiya ne za su rubuta, tunda su suka san kowa.

Sun kuwa san kowa, abin da ya kashe mu ke nan.

Duk wanda ya tashi a gidan Maguzawa ya san me ake kira gida. Ƙofa ɗaya ce, amma a bayanta akwai Baba da ƙannensa da matansu, bakin da ke ci ya haura talatin, gona ɗaya, rumbu ɗaya. A takardar baƙi wannan duk gida ɗaya ne, daidai da gidan malamin makaranta mai mata ɗaya da 'ya'ya biyu. Baffa, ɗaya daga cikin dattawan, ya riga kowa gane lissafin. A cikin makon ya sa aka tsaga dangarsa ta gabas aka fitar da sabuwar ƙofa, aka tsaga ta arewa aka fitar da wata. Ranar rubuta suna gidansa ya zama gida uku. Har yau ƙofofin suna nan, an ma gina su da bulo, mai gardama ya je ya gani.

Mu namu gurbin ɗaya ne, kuma tun kafin a zauna an san na wane ne. Baba ya karɓi bishara da matansa biyu a ɗaki. Aka ce sai ya sallami ta biyu kafin a yi masa baftisma, ya ce bai ga laifin da Iya ta yi masa ba, kuma bai san inda za ta kai mu ba. Haka ya ƙare rayuwarsa a bencin baya, ba ya cin jibin Ubangiji, amma ba a taɓa ƙin karɓar baikonsa na dawa ba. Inna, da yake ita ce uwargida, an yi mata baftisma, har ta riƙe ma'ajin zumuntar mata. Saboda haka aka rubuta ɗanta Tanko. Ni da shi watanni ne tsakaninmu, ajinmu ɗaya, tabarmarmu ɗaya, kuma ko shi ba zai yi musun cewa ni nake yi masa lissafi ba.

Iya ba ta ce uffan ba. Ni ne ɗan farinta, sunana ma ba ta faɗa, balle ta je gaban maza ta roƙa mini abu. Kaka ce ta ɗauki sandarta ta ja hannuna muka tafi wurin Baffa. Ɗan wanta ne, a hannunta ya tashi bayan rasuwar uwarsa. Ya saurare ta yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Goggo, ba ni na kafa dokar nan ba, daga can aka aiko ta. Kuma ki duba gidanku. Ɗanki mata biyu, ke kuma tukunyar giya ba ta sauka daga murhu. Me zan gaya wa baƙin?" Kaka ta ce, "Ka gaya musu da kuɗin giyar aka saya maka wandon da ka fara shiga majami'a da shi." Ta juya.

A hanya ina kuka, ta dungure mini kai ta ce, "Haba maigidana, namiji da hawaye? Rabon kwaɗo ba ya hawa sama, ko ya hau sai ya faɗo." Na daɗe ina riƙe da maganar nan, ina jiran abin da zai faɗo. Daga baya na riƙa jin haushinta. Ita kanta Kaka ban tabbata ta yarda da abin da ta faɗa ba, don daga ranar ba ta ƙara amsa gaisuwar Baffa ba har ta koma.

Ranar hoto mota ta zo da wani mutumin Jos da wata Baturiya. Aka jera yaran da aka rubuta a jikin bangon majami'a, kowa ya riƙe allo da lamba a rubuce da alli. Inna ta wanke Tanko ta shafa masa man gyaɗa ta sa masa rigar Kirsimeti, sai mai hoton ya ce a cire, a mayar masa da ta jiya. Wannan ban gane shi ba sai da na girma. Mu sauran muna kan reshen darbejiya muna leƙe, mun fi waɗanda ke ƙasa yawa nesa ba kusa ba. A cikinmu har da 'ya'yan Goggo bazawara, waɗanda ubansu ya mutu bai tuba ba, su da ko tafasar ma sai an sammusu. Babu wanda ya kawo sunansu a zaman dattawa.

Can tsallaken rafi, unguwar Musulmi, ba a ma leƙa ba. Su ma iyayen cewa suke ko an kawo ba sa so, wai ana sayen yara da sabulu, kuma hoton da aka kai Turai ba a san me za a yi da shi ba. Amma farin bai tambayi kowa addininsa ba. Abokina da muke kamun gyare tare, ɗan mai unguwarsu, a ranin nan aka haɗa shi da wani malami suka yi gabas, shi da yara da dama, don a rage baki a gida. Na sake ganinsa bayan shekaru a kasuwar Wudil ranar Juma'a yana dakon kaya, muka tsaya muna dariyar yadda dukanmu biyu aka tsallake mu, kowa ta ƙofar addininsa.

Ba zan ci amanar Inna ba. Duk abin da ya shigo da sunan Tanko sai ta raba. Sabulu ta yanka da zare, rabi ta aika ɗakin Iya. Takalmin roba da aka ba shi ta ce mu riƙa karɓa-karɓa, shi ranar makaranta, ni ranar Lahadi. Matar Baffa ta gan shi a ƙafata ta kai ƙara, aka kira Inna aka ja mata kunne cewa kayan yaro na yaro ne, in aka sake gani za a soke sunan. Shi ma Tanko bai sha da daɗi ba. Yara suka sa masa ɗan Baturiya, suka daina kiransa farautar ɓera. Ranar wasiƙa a tara su a aji, a rubuta a allo su kwafa: ina gaishe ki cikin sunan Yesu, muna lafiya, na gode da kyauta. Muna lafiya! A watan da aka binne yara a unguwarmu saboda baƙon dauro, wasiƙar ba ta canja ba. Matar da ke riƙonsa ta aiko hotonta, tsohuwa ce fari tas da kare a cinya. Ban taɓa jin haushinta ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, ita kuwa ko makashin ma ba ita ba ce, abin da aka nuna mata ta gani.

Baƙon dauron nan ya kama Auta, ƙanena na ɗakin Iya. Jikinsa ya yi zafi, idanu suka rufe da kwantsa. Katin magani a gidan guda ne, mai hoton Tanko. Da asuba Inna ta goya Auta da kanta, ta ɗauki katin, ta taka har ɗakin shan magani. Mai ba da maganin ya san mu duka tun muna ciki. Ya dubi katin ya dubi yaron ya ce, "Inna, wannan ai ba Tanko ba ne." Ta ce, "Ɗana ne." Ya ce ya sani, amma littafin da yake cikawa ana zuwa dubawa, kuma aikinsa ne abincin 'ya'yansa. Sai da Iya ta sayar da akuyarta, wadda ta zo da uwarta daga gidansu, aka biya allura. Auta ya tashi, idon hagu bai tashi ba. Da na fara samun kuɗi na kai shi asibitin ido na mishan da ke Kano, wanda ƙungiyar mishan ta SIM ta buɗe tun 1943. Sun duba shi da kyau, suka ce hakiyar ta daɗe, amma suka ba shi tabarau saboda na daman. Da shi yake ɗinkinsa har yanzu.

Kwanakin baya 'yata ta biyu, wadda ta yi Jami'ar Bayero, ta zauna tana karanta mini tarihin irin wannan tallafi a wayarta. Ashe abin ya tsufa. Wata ƙungiya ta fara shi a 1938 saboda yaran Sin, ita ce ta koma ChildFund a 2009. Compassion da World Vision kuma marayun yaƙin Koriya ne mafarinsu, a farkon shekarun 1950. Tamu ba ɗaya daga cikinsu ba ce, ƙarama ce, sunanta kuma ba zan kama ba. Ta ce wasu manyan sun canja salo, ana ɗaukar hoton yaro ɗaya amma kuɗin a haɗa a yi wa gari rijiya ko aji. Na ce da sun yi wannan tunanin da wuri da Auta na da ido biyu. Sai ta karanto wani bincike da aka buga a 2013 kan yaran Compassion a ƙasashe shida, har da Kenya da Uganda. An gano waɗanda aka riƙa sun fi sauran daɗewa a makaranta da fiye da shekara guda. Na ce da wa aka gwada su? Ta ce har da 'yan'uwansu na gida ɗaya waɗanda ba a ɗauka ba. Na yi dariya har da tari. Ashe muna da amfani, da mu ake awo. Ba sai an zo daga Amurka an gaya mini tallafin yana aiki ba, ni na kwana tabarma ɗaya da shi.

Jarrabawar shiga sakandare tare muka ci, sunana a saman nasa. Makarantar kwana kuwa tana son akwati, katifa, bokiti, kayan sawa kala biyu da kuɗin mota, ga tsadar da ta biyo bayan SAP, shirin tsuke bakin aljihu na Babangida. Na Tanko suka zo a ƙulle cikin kwali. Baba ya shiga ya fita, ya dawo ya zauna a gindin rumbu bai ce da ni komai ba, ni ma ban tambaye shi ba. Kaka tana kwance lokacin, ciwon da ya tafi da ita ke nan, ta kira ni ta sake maimaita mini maganar kwaɗon. Na ce mata to.

Ranar jana'izar Baffa fastoci suka yi ta layi suna cewa uban marayu ya tafi. Ina zaune a baya, inda Baba ya saba zama. 'Ya'yan Goggo bazawara suna gefena, ɗaya ya taɓa ni da gwiwar hannu, ban kalle shi ba don kada mu yi abin kunya a gidan makoki.

Tanko yana aji biyar wasiƙa ta zo cewa ƙungiyar ta tattara ta bar yankinmu. Ba sallama, ba bayani, tsohuwa mai kare ma ba a ƙara jin ɗuriyarta ba. Saura shekara guda ya gama, ga kuɗin jarrabawar WAEC. Inna ta zo har Wudil ta same ni a rumfar maigidana, hannuna duk baƙin mai, ta rasa ta inda za ta fara. Ina da keke Rale da na harhaɗa da kaina daga tsofaffin ƙarafa, shi ne duk abin da na mallaka. Juma'ar nan na sayar da shi. Inna ta roƙe ni kada in faɗa, ta ce a bar shi a kan zumuntar mata ce ta tara, don kada yaron ya ji nauyi. Na riƙe mata har ta rasu, na ƙara riƙewa bayan nan. Tanko, na san 'ya'yanka suna karanta maka wannan duk mako. Wasiƙar godiyar da ka rubuta wa zumuntar mata a 1994, wadda aka karanta a majami'a aka yi tafi, ba a kai ta inda ya kamata ba.