Rage Hazon Hunturu a Hoton Fili Ba Tare da Ɓata Launi Ba

Daga Nuwamba zuwa Maris, wanda ya tsaya kan gadar Kennedy a Yamai ya ɗauki tuddan da ke hayin kogin Isa zai ga sama da ruwa da tudu sun fito kusan launi ɗaya, fari-fari mai ratsin ruwan ƙasa. Kyamara ba ta lalace ba. Ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga arewa maso gabas ce, kaso mai yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Rana na bugun ƙwayoyin ƙurar, hasken ya watse, wani ya faɗo cikin kyamara ya zauna kan inuwa, sai baƙi ya koma toka. Abin riƙewa tun farko shi ne hazo da nisa yake tafiya. Kwalekwalen da ke gabanka mita 20 kusan babu komai a kansa, tudun da ke kilomita 5 kuwa ya nutse. Don haka gyaran da zai bi hoton duka da ƙarfi ɗaya ba zai taɓa yin daidai ba.

In kyamararka ko wayarka na ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da ba a matse bayanansa ba, kunna shi. Hoton hazo duk bayanansa sun cunkushe a tsakiyar jadawalin haske, wanda ke jera hasken hoto daga baƙi zuwa fari, gyara kuma buɗa su ne zuwa gefe biyu. JPEG matakan haske 256 gare shi a kowane launi, RAW mai bit 12 yana da 4,096, mai bit 14 kuma 16,384. Ka buɗa JPEG da ƙarfi, sama ta tsage layi-layi, kuma ɗinke ta wahala ce. Bar ISO, ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, a 100, sa rana a bayanka ko a gefe, ka goge gilashin gaba kafin ka danna.

Sunayen maɓallan Lightroom, manhajar gyaran hoto ta kamfanin Adobe, zan kawo su da Faransanci, tunda haka suke a yawancin wayoyi da kwamfutocinmu.

Fara da daidaita fari. Ɗauki pipette, abin tsinko launi, ka taɓa wani abu na kusa da ka san fari ne ko toka: siminti, farar riga, kwanon rufi mara tsatsa. Kada ka taɓa sama ko tudu mai nisa. Launin ƙura ne a kansu, in ka mai da shi fari sai gaban hoton duka ya koma shuɗi. Daga nan ja Noirs (baƙi) hagu, Blancs (fari) dama. A kwamfuta riƙe Alt kana ja, allon zai nuna maka inda baƙi ya fara toshewa; da ɗigo na farko sun bayyana, tsaya. Wannan kaɗai yakan cire rabin dishin, kuma bai taɓa launi sosai.

Sai Correction du voile, maɓallin cire hazo, wanda a Turanci aka rubuta Dehaze. Adobe ta shigo da shi a 2015, yana tafiya daga -100 zuwa +100. A hoton duka ban ga dalilin wuce +15 ko +20 ba, kuma dalilin na da nasaba da ƙasarmu. Sananniyar dabarar gano hazo, wadda Kaiming He da abokan aikinsa suka wallafa a 2009, kuma ita manhajar gyaran hoto ta darktable ke bi, ta ginu kan cewa a fili mai tsabtar iska kowane ɗan yanki na hoto yana da wani wuri mai duhu ƙwarai, ko inuwar ganye ko launi mai kauri. Inda manhaja ba ta ga duhun ba, sai ta ce hazo ne. To, farin yashin bakin kogi a watan Maris, busasshiyar ciyawa, farin bangon babban masallacin Yamai, duk ba su da wannan duhun ko da iska garau take. Sai manhaja ta ɗauke su hazo ta dusashe su, yashi ya yi datti, bango ya yi toka-toka. Lightroom ma, a aikace, haka yake yi wa irin waɗannan wurare in an matsa masa.

Akwai matsala ta biyu. Hazon ƙura rawaya-rawaya ne, ba irin shuɗin hazon duwatsun ƙasashen sanyi ba. Idan aka zare rawaya daga inuwa, abin da ya rage yakan karkata shuɗi. Shi ya sa za ka ga ƙasan bishiyoyi da inuwar gada sun yi bula bayan gyara, alhali yashi ya ƙara ja har ya wuce gona da iri.

Maganin duka biyun shi ne keɓe yanki. Shiga Masquage, sashen keɓe yanki, ɗauki Dégradé linéaire, zaɓin da ƙarfinsa ke raguwa a hankali, ka ja shi daga layin da sama ta haɗu da ƙasa ka gangaro zuwa inda hazon ya fara sauƙi. Cire sama daga zaɓin. Tun 2021 Lightroom na iya gano ta da kansa. Yanzu abin da ya rage a hannunka tudu ne da bishiyoyin nesa da gine-ginen hayi. A nan kana iya kai Correction du voile +30, wani lokaci +40, ka ƙara Température kaɗan wajen ɗumi, +5 zuwa +10, don kashe bular. Sama kuma ka yi mata nata zaɓin dabam, da hannu mai sauƙi, +10 ya isa. Saman hunturu ba shuɗiya ba ce. Wanda ya tilasta mata shuɗi zai samu wani launi mai kama da ruwan wanki, da farin zare kewaye da giginya da turakun lantarki, kuma duk ɗan Yamai da ya kalla zai san ba haka garin yake a Janairu ba. A waya, Correction du voile kyauta ne, amma Masquage sai mai biyan kuɗin wata. Wanda ke da kwamfuta kuma bai son biya, darktable kyauta ne, yana da sashen cire hazo mai ma'auni biyu, ƙarfi da nisa, kuma yana barin ka zana yankin da kake so.

Bayan wannan hoton zai yi duhu, domin haske aka zare. Ɗaga Ombres (inuwa) +15 zuwa +25, in bai isa ba ƙara Exposition (hasken hoton duka) kamar +0.3. Launi kuma zai yi kauri: rage Vibrance (kaurin launi) da 10, sannan a sashen launuka ɗaya-ɗaya ka rage kaurin shuɗi da na ruwan lemu. Idan akwai mutum a gaban hoton, masunci ko mai wanki, duba fatarsa da kyau. Cire hazo na ƙona baƙar fata, fuska ta toshe, ido ya ɓace. Goge shi daga zaɓin gaba ɗaya.

Yanzu buɗe hoton a kashi 100 ka bi shi kusurwa-kusurwa. Abu biyu za ka tarar waɗanda da ba ka gan su ba. Na farko tsaki-tsaki a sama da tudu, saboda an buɗa ɗan bayani kaɗan ya cika wuri mai faɗi; Réduction du bruit (rage tsaki) tsakanin 20 da 30 yakan kwantar da shi, fiye da haka ganye ya zama kamar fenti. Na biyu ɗigo-ɗigo masu duhu a sama. Wannan ƙura ce da ta shiga ta kwanta kan sansar kyamara, tana fitowa sosai in an tsuke ƙofar gilashi zuwa f/11 ko f/16, kuma cire hazo na ƙara tona ta. Kayan goge tabo na da zaɓin nuna ɗigon a baƙi da fari, kunna shi ka bi su ɗaya bayan ɗaya. A wannan yanayi, kada ka canza gilashi a fili iska na kaɗawa. Shiga mota ko ɗaki, kyamara na kallon ƙasa.

Ni dai ina ganin kada a share hazon nesa kakaf. Shi ke nuna wa ido wane tudu ne gaba, wane ne baya. A Kure, raƙumin dawan da ke kusa ya fito tsaf, bishiyoyin bayansa su yi ta dusashewa, wannan shi ne zurfin hoton. Ka mai da su duka ƙarfi ɗaya sai fili ya baje. Ranar da ƙura ta yi kauri har hayin kogi ya ɓace wa ido, kyamara ma ba ta kama shi ba, ja ma'auni zuwa +100 tsaki kawai zai fitar. Irin wannan hoton ya fi kyau a mai da shi baƙi da fari, inda matsalar launi ba ta tasowa kuma za a iya ƙara ƙarfi ba fargaba.

Wajen fitarwa zaɓi tsarin launi na sRGB, dogon gefe fiksel 2,048 in Facebook za ka sa, inganci 85 zuwa 90. A WhatsApp tura shi a matsayin takarda, domin matsewar da yake yi wa hoto saman da ka lallaɓa take fara tsagawa.