Tukunyar Maraɗi a Murhun Jos

Na shigo Jos a watan Disamba na 2022, a tsakiyar hunturu, ni da yara uku da buhun gero guda wanda mahaifiyata ta dage sai na taho da shi. Mun baro Maraɗi da asuba, muka ƙetare iyaka ta Ɗan Isa da Jibiya, muka kwana a Kano, washegari mota ta bi da mu ta Zariya da Saminaka har muka fara hawan duwatsu, yara suna ta shigewa jikina saboda sanyin da ba su taɓa jin irinsa ba. Maigidana ya riga mu zuwa da shekara biyu, yana ɗinki a wani shago kusa da babban masallacin Juma'a, kuma ya kama mana ciki da falo a Unguwar Rogo, inda ƙanensa ma yake zaune tare da mu. Baki shida ke nan a kan keken ɗinki ɗaya.

Ban ɗauki Nijeriya a matsayin ƙasar waje ba lokacin da nake shirin tahowa. Hausar da nake ji ita ake yi a unguwar, kiran salla iri ɗaya ne, naira kuma ba baƙuwa ba ce ga mutumin Maraɗi, domin tun muna yara muke ganinta a hannun 'yan kasuwa. Madafa ce ta fara nuna mini cewa lallai na bar gida. A wajenmu idan mai tumatir ta ce ɗari, dala ɗari take nufi, wato sefa 500, jika kuma sefa 1,000 ce, saboda haka na yi watanni ina tsayawa a gaban mai kayan miya ina juya naira zuwa sefa, sefa zuwa dala, kafin in san ko an yi mini tsada ko an yi mini sauƙi. Ma'aunin ma ya bambanta. Mu da tiya muka saba, a nan kuwa mudu ake yi, wanda bai kai tiyarmu ba ko kusa, kuma sau biyu ina murnar na sami araha, sai na dawo gida na juye a roba in ga abin da na sayo bai kai na kwana biyu ba.

Kuskurena na farko shi ne na so in ci gaba da dafa abincin Maraɗi kamar ban tashi ba. Da safe kunun gero, da rana fura, da dare tuwon gero ko shinkafa da miyar nama. Buhun mahaifiyata bai kai ƙarshen Fabrairu ba, da na je kasuwar Katako neman wani sai na tarar gero ya fi masara tsada nesa ba kusa ba, abin da ya ɗaure mini kai, domin a wajenmu gero shi ne abincin kowa. Dalilin a fili yake ga wanda ya duba ƙasar: Jos tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, ruwan sama yana sauka tun daga Afrilu har Oktoba, abin da ƙasar ke bayarwa da yawa shi ne masara da acca da dankalin Turawa da ganyaye, gero kuwa mafi yawansa sai an yi masa dako daga arewa, kuma kuɗin motar a kan mai saye yake ƙarewa.

A daidai wannan lokaci ne aka shiga wahalar canjin kuɗi, da Babban Bankin Nijeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace a hannun jama'a. Ni ba ni da asusun banki, masu ɗinki suna tura wa maigida kuɗi ta waya, shi kuma sai ya bi layin masu POS ya biya lada mai yawa kafin ya kawo mini abin cefane. Ba mu gama farfaɗowa ba, ranar 29 ga Mayu, 2023, sabon shugaban ƙasa Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, komai na kasuwa ya bi ta. Bayan wata biyu sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai, ranar 26 ga Yuli, aka rufe iyaka, ɗan saƙon kuka da kuɓewa da cuku da ake aiko mini daga gida ya yanke. Wani dare maigida ya ajiye kuɗin cefanen mako a kan tabarma, daidai da na makon jiya, ya ce, "Uwargida, wannan ne abin da keke ya bayar, ban san yadda za ki yi ba." Ni ma a lokacin ban sani ba.

Hajiya mai gidan da muke haya, dattijuwa haifaffiyar Gangare, ita ce ta fara buɗe mini ido. Ta leƙo ta same ni ina tsince shinkafa, ta tambayi nawa na sayi mudun, da na faɗa mata sai ta riƙe haɓa ta ce, "'Yar nan, ke a Jos kike zaune amma tukunyarki tana Maraɗi. Gobe ki shirya da wuri ki raka ni Farin Gada." Mun isa kasuwar rana ba ta gama fitowa ba, motoci suna sauke kabeji da karas da koren wake da tattasai, ganye a jibge kamar ba kuɗi ake sayensa ba. Ba ta tsaya wajen masu kasawa ba, ta wuce da ni can ciki inda dillalai ke ware kaya, ta nuna mini kabejin da ya tsage ko bai naɗe sosai ba, da karas ɗin da ya karye wajen tono, da ƙananan dankalin da masu kai kaya Abuja da Legas ba sa ɗauka. Babu abin da ya same su illa rashin kyan gani, kuma kuɗin da nake ba mai tebur a bakin layinmu in karɓo kabeji ɗaya, a nan ya cika mini jaka. Daga ranar na daina cefanen kullum, wanda shi ne babbar ƙofar da kuɗi ke zurarewa, na koma zuwa kasuwa sau ɗaya a mako.

A hannun wata mai sayar da ganye, Birom ce daga wajen Bukur, na koyi gwate, kuma shi ne abincin da ya riƙe gidanmu fiye da kowane. Na tambaye ta me ake yi da yakuwa da gauta masu yawa haka, ta yi dariya ta ce, "Maman yara, ba ki shan gwate ne?" sannan ta zayyana mini yadda ake yi tana ƙulla wa wasu kaya. Ana ɗora ruwa da ƙashi, ba nama ba, irin ƙashin da mahauta ke sayarwa da arha, a bar shi ya dahu har ruwan ya yi farin romo. A zuba jajjagen tumatir da attaruhu da albasa, da daddawa, da ɗan wake idan akwai, sannan a kawo tsakin masara ko acca a riƙa barbaɗawa ana juyawa don kada ya yi gudaji. Idan tsakin ya fashe sai a zuba gauta da kabeji, daga ƙarshe alayyahu da yakuwa, a rufe na ɗan lokaci a sauke tun ganyen yana kore. Ba ya neman mai ko cokali ɗaya, kuma a lokacin da kwalbar man gyaɗa ta zama abin lallaɓawa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gwangwani uku na tsaki yana ciyar da mu shida har a rage na safe. Ranar farko yara sun ɓata fuska saboda ɗacin gauta da tsamin yakuwa, na rage gautar na daka musu ƙuli-ƙuli a kai, ba su sake magana ba.

Tuwon masara ya fi ba ni wuya, domin harshen da ya tashi da gero yana jin masara salam. Amma lissafi ya fi ƙarfin harshe. Mu huɗu a layinmu muka riƙa haɗa kuɗi lokacin kaka, sa'ad da masarar Mangu da ta Saminaka ke shigowa, mu sayi buhu mu raba da mudu a tsakar gida a gaban kowa. Idan na kai surfe ba na barin komai a wajen mai inji: gari na tuwo, tsaki na gwate, dusa kuma ta kajin Hajiya, ita kuma takan ba ni ƙwai idan sun yi. Nama ya koma na ranar Juma'a kaɗai, sauran kwanaki awara ce take tsaya masa, wadda nake yi da kaina daga mudu ɗaya na waken suya da ruwan tsamin da ya kwana, in soya rabi don yara su tafi da shi makaranta, in saka rabi cikin miya. Da wannan na raba su da kuɗin tara da Indomie, wadda tana da daɗin sha'ani amma ba ta kai yaro azahar.

Makamashi ma sai da na sake koyonsa. Gas ya fi ƙarfinmu, muka koma gawayi, sai na lura wake yana cinye mini gawayi fiye da yadda na sani a gida, har na fara zargin masu awo da sayar mini da tsohon wake. Ƙanen maigida, wanda ke karatu a Jami'ar Jos, shi ya bayyana mini cewa a kan tudu ruwa yana tafasa tun zafinsa bai kai na ƙasa ba, don haka dahuwa takan ɗan ja lokaci. Yanzu ina jiƙa wake tun dare, in sa masa 'yar kanwa, idan ya yi kamar minti 20 yana tafasa sai in sauke tukunyar a rufe, in naɗe ta da tsohon bargo in cusa cikin kwando, in ɗora wani abu a kan ragowar garwashin. Kafin yara su dawo daga Islamiyya ya yi laushi da kansa.

Ni ma ban zo hannu rabbana ba. Abin da 'yar Sahel ta iya, wanda na ga matan layinmu ba su damu da shi ba, shi ne shanya. Su sun saba da ɗanyen kaya duk shekara, wasu kuma sun dogara da firji, alhali wutar lantarki ba ta da alƙawari. Sai dai gwajina na farko ya ba ni kunya: na sayi kwandon tumatir a watan Agusta na yanyanka na baza a kan buhu kamar yadda muke yi a gida, na manta cewa ranar Jos ta damina ba ta Maraɗi ba ce. Kwana uku hadari bai yaye ba, duk ya yi furfura ya ruɓe, na kwashe na zubar ina hawaye, Hajiya tana kallona ba ta ce komai ba. Da hunturu ya dawo, tumatirin rani ya cika kasuwa a Janairu da Fabrairu, iska ta bushe, na sake gwadawa. Na yanka kowane gida huɗu, na barbaɗa gishiri kaɗan, na baza a kan rufin kwano bisa tabarma mai tsabta, na rufe da tsohon gidan sauro saboda ƙura da ƙuda, cikin mako guda ya zama kauɗa mai ƙara a hannu. Haka na yi wa tattasai da kuɓewa da yakuwa, har da karas da kabeji, waɗanda ban taɓa ganin an shanya ba. A tsakiyar 2024, lokacin da tumatir ya yi tsadar da mata suka koma miyar karas, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, ni ina jiƙa kauɗata a ruwan ɗumi in markaɗa da albasa. Matan da suka yi mini dariyar tumatirin Agusta suka riƙa aiko yara da kofi, hunturun da ya biyo baya kuma rufin gidaje uku a layinmu ya yi ja.

Ba zan ce tsimi ya mayar da wahala daɗi ba. Akwai makon da ɗinki ya tsaya muka yi kwana biyar a jere gwate da rana, ɗumamensa da safe, kuma rikicin da ya auka wa ƙauyukan Mangu da Bokkos a 2023 ya taɓa manoman da masara da dankalinmu ke fitowa daga hannunsu, har arhar da muke taƙama da ita ta ragu. Haka nan aikin duk a jikin mace yake sauka, domin jiƙo da surfe da tata da shanya lokaci suke ci, kuma ba a lissafa shi cikin kuɗin cefane.

An buɗe iyaka a watan Maris na 2024, ana cikin azumi, kafin Salla kuma saƙon mahaifiyata ya iso ta hannun wani direba: tiya goma ta gero, da kuka, da daddawar batso, da cuku a naɗe cikin takarda. Ban yi tuwo da geron ba. Na ajiye shi don kunun buɗa-baki da furar ranar Juma'a, ina ɗiba da gwangwani, ya kai mu har bayan Babbar Salla. Da direban zai koma na haɗa mata rabin buhun ƙananan dankali da mudu biyar na acca wankakkiya, na manta ban yi mata bayani ba. Bayan kwana huɗu ta kira ni, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Ke, wannan abu mai kama da yashi da kika aiko, yaya ake dafa shi?" Na ce, "Inna, ki sa a samo miki ƙashi da yakuwa tukuna, idan an kawo ki kira ni."