Ina cin hanta da zogale amma ayon ɗina sai ƙasa yake yi

Wata uku kenan ina shirin tseren Legas, wannan na kilomita 42 da ake yi a watan Fabrairu, sai na lura ƙafafuna sun yi nauyi. Hanyar da na saba cinyewa bayan asuba ban tsaya ba, yanzu tun a rabi sai haki, ga jiri in na miƙe daga zaune. Na ɗauka maleriya ce, aka gwada babu. PCV ma, wato gwajin yawan jini, ba laifi. Likitar ce ta ce a duba feritin, wato ayon ɗin (sinadarin ƙarfe da ake haɗa jini da shi) da jiki ya tara a rumbu, sakamako ya fito ƙasa da 35, kuma daga nan ne masu binciken wasanni ke cewa rumbun ɗan wasa ya fara ƙarewa tun kafin a kai ga ƙarancin jini.

Wallahi abin ya dame ni, don ni ba na wasa da abinci, hanta, wake, zogale, duk ina ci. To ina suke tafiya?

Ashe akwai wani sinadari da hanta ke fitarwa, hefsidin, sai wajen 2001 ma aka gano aikinsa, shi ne mai gadin ƙofar da ayon ke bi daga hanji ya shiga jini. In ka yi gudu mai wahala tsoka na sakin wani abu da ake kira IL-6, irin wanda jiki ke saki lokacin zazzaɓi, hanta na jin sa sai ta ƙara hefsidin, shi kuma ya rufe ƙofa. Rufewar ta fi tsanani awa 3 zuwa 6 bayan atisaye. Ni kuma ƙarfe bakwai nake gama gudu, abincin kirki sai wajen sha biyu, kun ga daidai lokacin da ƙofa take a garƙame nake kai mata kaya. Dama can miligiram 1 zuwa 2 kacal jiki ke ɗauka a rana, abin ba yawa ne da shi ba balle a tauye.

Ga kuma shayi. Ina dawowa teburin mai shayin unguwarmu nake zama, kofi babba mai kauri da madara da biredi, alhali ganyen shayi na kama ayon ɗin da ke cikin wake da ganye ya hana hanji tsotsa. Wannan ya fi min ciwo gaskiya, saboda zaman nan ina son sa.

Ana kuma asara ta wasu hanyoyin, dukan da tafin ƙafa ke yi wa kwalta na fasa jajayen ƙwayoyin jini, ayon kaɗan na fita a gumi, kaɗan ta hanji. Mata masu gudu su abin ya fi yi wa yawa saboda al'ada, shi ya sa nake ganin duk kocin da ke horar da 'yan mata ya kamata ya san zancen nan, ya daina cewa yarinya lalaci take in ta kasa.

Don Allah kar wani ya karanta wannan ya ruga kemis ya sayi maganin ƙarin jini. Ayon in ya yi yawa jiki ba shi da hanyar zubar da shi, taruwa yake a hanta, mai sikila da ake yawan ƙara wa jini ma hatsari ne gare shi. Sannan zazzaɓi na ɗaga feritin ya nuna kamar komai lafiya, don haka sai kana garau ake gwajin, kuma ba washegarin gudu mai tsanani ba.

Yanzu ƙwayar da likita ta rubuta min cikin rabin awa da gama gudun safe nake sha, kafin hefsidin ya taso, da ruwan lemon zaƙi, yau in sha gobe in huta. Shayi na mayar da shi bayan la'asar. Ta ce in dawo bayan wata uku a sake ɗibar jini, saura sati biyar in Allah ya kai mu.