Wa kunka tambaya? Abin da garin albasa ya koya mini

Ranar Alhamis da ta wuce na miƙa makullin ofis da littafin diloli, bayan shekara uku da 'yan watanni ina riƙe da sashen talla da sayarwa. Waɗanda muka yi aiki tare sun san kamfanin, sun kuma san wanda zan riƙa kira Manaja a nan, ba sai na kama suna ba. Yaran nan biyu da aka ɗauka bana su suka matsa in rubuta musu abin da na koya. Na zauna da niyyar jero abubuwa goma, sai na tarar guda ɗaya ya cinye sauran, wato maganar robobin garin albasa na 2022.

Tunanin kansa ba shi da laifi, har gobe ina kan bakana. Duk wanda ya bi hanyar Wurno zuwa Goronyo a watan Maris ya ga yadda albasa ke tsibi-tsibi a bakin gona, manomi na neman mai saye ido rufe. Wanda ya ce zai ajiye sai ya zuba a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, zafin Afrilu da Mayu mai haura digiri 40 ya bi ta kanta, damina ta zo ta ƙarasa. Kafin ta yi tsada a ƙarshen shekara, mai yawa ta ruɓe, wata ta tsiro. Albasa kuwa kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ce, in ka busar da buhu goma nauyin da zai rage bai wuce na buhu ɗaya ba. Alhaji, mai kamfanin, ya ga garin albasa na ƙasar waje a wani babban kanti a Abuja, ya dawo yana cewa abin kunya ne mu da ke noma ta a riƙa kawo mana garinta daga wata uwa duniya. Aka sayo injin yanka da na busarwa da na niƙa, aka sha zirga-zirga har lambar NAFDAC ta fito.

Ni aka ɗora wa gano ko mutane za su saya, kuma a nan na tafka tawa. Na tsara tambayoyi na watsa a WhatsApp da Facebook, na buga wasu a takarda na bi ofisoshin sakatariya da cikin jami'ar Ɗanfodiyo. Mutum 240 suka amsa. Babbar tambayar ita ce: in aka samu garin albasa mai tsafta, wanda aka yi a nan Sakkwato, za ka saya? Yanzu in na tuna kunya ke kama ni. Wa zai ce a'a? Mutumin garin nan ba ya kallon idonka ya ce abinka bai yi ba. Sai ya ce ai wannan ci gaba ne, Allah shi sa albarka. Ni kuma in rubuta ya ce zai saya. Sai bayan kaya sun yi kwantai na koma na ƙirga, na ga mata ba su kai 30 ba a cikin masu amsar, su ma yawancinsu ɗalibai. Masu ba da kuɗin cefane na tambaya, na tsallake masu tsayuwa gaban murhu. Ba don ban san inda suke ba. Ni namiji ne, gidajen kuma ba shiga, ga girman kai ya hana ni in ce a ba ni mata biyu su taya ni aikin da aka ɗauke ni don ana ganin na iya.

Manaja ya zo ya ɗora nasa a kai. Ya dage sai roba mai murfi ta giram 200, da takarda mai sheƙi, rubutun duka da Turanci, wai don kaya su yi kama da na waje. A wani taro na kawo maganar ƙananan ledoji. Na ba da misalin madarar Cowbell, wadda ta shigo kasuwar Najeriya a 1993 ta ci kasuwa da 'yan ƙananan ledoji, har mai shayi da yaron da aka aika da canji suka iya sayen madarar gari. Manaja ya ce mu ba masu ƙullin gishiri ba ne. Aka kwashe da dariya, ni ma na taya su, na ja bakina. Ban sa an rubuta a takardar taro cewa na yi wannan maganar ba, sakacin da ya ci ni daga baya.

Azumin shekarar ya kama a Afrilu, muka ce ga lokacin dafe-dafe, sai mu fito da kaya. Muka sa talla a rediyo, muka ɗauki mota da lasifika muka zagaya Mabera, Runjin Sambo, Gawon Nama da Arkilla. Ba wanda ya tuna, har ni, cewa a lokacin ne albasa ta fi arha a duk shekara. Kuɗin robarmu ɗaya a Tsohuwar Kasuwa albasa zai saya maka wadda sai ka nemi yaro ya ɗaukar maka. 'Yan tireda suka karɓi kaya bisa sharaɗin sai an sayar a biya. Ni kuma duk mako ina kai wa Alhaji rahoton katan kaza ya fita, ina jin daɗi, alhali daga sitonmu kawai ya tashi ya koma kan kantar wani yana shan ƙura.

Da damina ta kankama sai asiri ya tonu. Garin albasa na jan danshi fiye da gishiri. Robar da aka buɗe sau biyu sai ta dunƙule kamar dutse, har waɗanda ba a buɗe ba suka fara curewa, domin an cire liƙin cikin murfi don a rage kuɗi. Ba ni na cire ba. Kafin ƙarshen Agusta kaya na dawowa katan-katan.

A cikin wannan halin na leƙa gidan gwaggona a Ƙofar Rini. Tun farko na kai mata roba biyu kyauta, sai na hango su a saman kwaba, ɗaya ko buɗewa ba a yi ba.

"Gwaggo, ashe ba ki yi amfani da shi ba?"

"Na taɓa, ɗana. Na zuba shi ga mai, nan take yaƙ ƙone, miya tay yi ɗaci. Albasa ga mai aka soya ta, ta kashe warin mai. In ko ƙamshi nika so ga miyar kuka, ga gabu nan. Wai wa kunka tambaya kahin ku yi wanga abu?"

"Mutane da yawa, Gwaggo."

"Maza?"

Na yi shiru.

"To, su ka dahuwa?"

Gabu! Ganyen albasar da ake dakawa a cura a shanya, wanda da shi aka yi mana miya tun muna yara. Tarurruka nawa muka yi a kan wannan kaya, ba a taɓa ambatar gabu ko sau ɗaya ba. Muna ta auna kanmu da robar kantin Abuja, alhali abokin karawarmu na cikin kwanon kowace tsohuwa, kuma kusan kyauta. Sannan rabin aikin albasa a gidajenmu gari ba zai iya shi ba: ba a soya shi, ba a yanka shi a kan shinkafa da wake, ba a sa shi a kwaɗo.

Ranar da Alhaji ya tara mu, Manaja ya shigo da takardun bincikena a hannu, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin adadin waɗanda suka ce za su saya. Ya ce, "Ranka shi daɗe, mu abin da sashen talla ya ba mu shi muka bi." Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ƙarya ya yi ba. Amma maganar roba ba ta taso ba, ta liƙin murfi ba ta taso ba, ta ƙullin gishiri balle. Na duba fuskokin waɗanda suka yi dariya ranar nan, kowa ya sunkuyar da kai. Aka zabge mini rabin albashi na wata uku. Ban ce uffan ba, don an koya mana yaro ba ya musu da babba a gaban mai gida. Na yafe, amma ban ce na manta ba.

Na roƙi a bar ni in gwada ceto abin da ya dawo wanda bai lalace ba. Aka sake niƙawa aka tankaɗe, muka zuba a 'yan ledoji masu liƙi waɗanda iska ba ta shiga, a jere goma-goma yadda mai tireda zai rataye kusa da magi. Na nemo dillalai mata huɗu masu shiga gida-gida. Na ce kada su tambayi kowa ko za ta saya. Su bar mata leda biyu, su koma bayan mako su ga ko ta ƙare, in ta ƙare su tambaya a me aka sa. Amsar da suka kawo ba ta cikin lissafin kowa a ofis. Masu haɗa yaji ne ke so, na jego da na sayarwa, da masu dambun nama, da masu tsire da kilishi, domin ɗanyar albasa ruwa gare ta, tana ɓata busasshen kaya. Su ba leda ma suke so ba, kilo-kilo suke nema. Matan gida kuwa sai daga Nuwamba, lokacin da kashin albasa a kasuwa ya koma 'yan ƙwaya uku, suka fara aiko yara. A bayan ledar na sa aka rubuta da boko da ajami: ba a soya shi, a ƙarshe ake barbaɗawa. Wannan layi ɗaya ya fi mana motar lasifika amfani.

Zuwa farkon 2023 cinikin masu yaji ne ke biyan albashin ma'aikata. A taron ƙarshen shekara Manaja ya tashi ya yi bayanin sabuwar dabarar ƙananan ledoji da ya ɓullo da ita, aka tafa, Alhaji ya ba shi kujerar Umara. Allah ya karɓi ibada.

Sauran ba su da tsawo. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya nuna mini kayan canji na mutuwa ranar da canji ya ɓace. Kada ku buga farashi a jikin leda: da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota zuwa Illela ya cinye ribar, mu kuma ga ledoji dubbai da tsohon farashi. Kada ku ba da bashi ƙetaren iyaka. Da aka rufe ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, kuɗinmu ya kwanta a Ƙonni har aka buɗe a Maris 2024, wasu har yau. Kayan da ba a biya ba, kada ku rubuta an sayar. Duk abin da kuka faɗa a taro ku tabbata ya shiga takarda, ko da an yi muku dariya. Dillalan nan huɗu kuma ku riƙe su da mutunci, a biya su a kan kari, lambobinsu na shafin ƙarshe na littafin da na bari. Manaja bai san sunan ko ɗaya ba.

Da na je yi wa Gwaggo sallama na ce mata na bar aikin, sai ta tambaye ni ko akwai sauran robobin nan a sito. Na ce akwai fiye da dubu, babu komai a ciki. Ta ce in samo mata goma kafin in tafi, murfinsu na da kyau, ta ga gabu na daɗewa a ciki.